Ƙuri'ar Damaris

Ranar da Damaris ta fara ganin Benson, a saman tsani ta gan shi, ƙusoshi a baki, yana kafa hotonsa a bangon shagon ɗinkinta da ke unguwar Television, ba tare da ya nemi izinin kowa ba.

Ta tsayar da keken ɗinki ta leƙo.

"Malam, wa ya ba ka bangon?"

Ya buɗe baki zai ba ta amsa, ƙusoshin suka zube ƙasa. Ta dubi fostar, ta dube shi. A hoto ya sha babbar riga da hula, ya ɗaga yatsa sama kamar mai wa'azi, a ƙasa an rubuta: Benson Ayuba, Kansilan Matasa. A zahiri kuwa wata koɗaɗɗiyar riga ce a jikinsa, da silifas.

"Wannan kai ne?"

"Ni ne, ranki ya daɗe."

"Ina ka baro rigar?"

"Mai ita ya karɓe abarsa. Ta kawuna ce."

Ba ta yi niyyar dariya ba, amma sai da ta dafa ƙofa. Shi ma ya sauko yana dariya, yana tsince ƙusoshinsa. Ya ce aikinsa haɗa sola da wayarin, shagonsa na can hanyar Sabon Tasha, kuma tunda ya ci mata bango, ta bari ya biya da gyaran soket ɗin da ya hango yana rataye a bayan kekenta.

Gyaran da bai fi na ɗan lokaci ba, Benson ya mayar da shi aikin mako guda. Yau ya manta sukudireba, gobe ya zo duba ko gyaran ya zauna. Damaris tana sane, ta ƙyale shi.

Ba a daɗe ba ya fara kiranta Dama tawa, ita kuma tana tsokanarsa da Honorabul. Da safe kafin ta buɗe shago saƙonsa ya riga ta isowa:

"Dama tawa, kin tashi lafiya? Yau zan zaga layi uku neman ƙuri'a, amma layinku kaɗai ƙafata ta sani."

Ta mayar masa: "Honorabul, ka ci abinci kafin ka fara yi wa mutane alkawari. Mai jin yunwa ba ya auna magana."

Mahaifinta, Baba Ishaya, tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, kuma dattijo a ikilisiyarsu. Tun da mahaifiyarta ta rasu su biyu suka rage a gidan. Sau ɗaya ya ga Benson a ƙofar gida, ya amsa gaisuwarsa a taƙaice. Da yaron ya tafi ya ce:

"Wanda ke manna fuskarsa a bangon mutane ke nan? 'Yata, ɗan siyasa kamar ruwan sama ne, ba a shanya a kan maganarsa. Me ya sami Tony?"

Tony ɗan Mama Juliana ne, tsohuwar nas ɗin da ita ma ta fito takarar kansila a mazaɓar. Yana aiki a Abuja, yana zuwa ƙarshen mako da mota mai sanyi da ledar lemu ga Baba. Ba shi da wani aibu, sai dai in yana magana Damaris takan samu kanta tana ƙirga maɓallan rigarsa.

Amma uwarsa daban ce. Shekara da shekaru Mama Juliana take zirga-zirga kan kwalbatin layinsu da ke cika gidaje da ruwa duk damina, da kuma ƙaramin asibitin unguwa da ba ya rabo da rashin magani. Lokacin jinyar mahaifiyar Damaris ma, ita ce take zuwa ta yi allura ta gyara shimfiɗa, ba ta taɓa karɓar ko ruwa ba.

Shi kuwa Benson, abokai ne suka zuga shi. Wata rana da yamma suna zaune a bencin shago, Damaris tana ɗinke maɓalli, ta ce:

"Ben, in ka ci, me za ka fara yi?"

"Lokacin matasa ne, Dama! Tsofaffi su huta."

"Na ji. To me za ka fara yi?"

Ya sosa ƙeya. Ya yi maganar filin ƙwallo, ya yi ta intanet kyauta, ya koma kan lokacin matasa. Ta tambaye shi kwalbati, ya ce wane kwalbati? Gabanta ya faɗi, amma ta yi murmushi. Ta kuma lura da yadda ya fara sauyawa. Babban abokinsa Derrick da wasu samari ba sa barin gefensa, suna masa kirari, shi kuma har tafiyarsa ta canza. Aikin sola ya bar wa yaransa.

Ana gobe zaɓe ya tsaya a ƙofar shagon, idanunsa na ƙyalli.

"Rumfarku ta Mama Juliana ce, na sani. Amma ko ba komai ina da ƙuri'a ɗaya da ba ta da shakka. Ko ba haka ba, Dama tawa?"

Da a lokacin ta faɗa masa abin da ke ranta, da abin ya tsaya a ɓacin rai na kwana biyu. Amma ta dubi fuskarsa, ta kasa.

"Haka ne," ta ce. "Taka ce."

Ranar Asabar rumfar zaɓe ta cika a harabar makarantar firamare. Da layi ya zo kanta, jami'ar zaɓen, wata malamar makaranta mai tabarau da ake kira Malama Lizzy, ta miƙa mata takarda. Damaris ta shiga bayan kwali ta dangwala yatsa a tawada. Ga fitilar ƙwai, alamar ƙaramar jam'iyyar Benson. Ga tulu, alamar jam'iyyar Mama Juliana. Ta tsaya har na bayanta ya yi gyaran murya. Ta ce a ranta: ai samarin layin nan da ke masa kirari za su zaɓe shi, tawa za ta ɓace a cikin nasu, wa zai sani? Ta dangwala wa tulu, ta ninke, ta jefa.

Da la'asar aka zazzage akwati a kan tebur. Benson ya kaɗa tasa a rumfarsu ya zo nan, ya tsaya kusa da ita cikin babbar rigar kawunsa. Derrick ne wakilinsa a wurin, amma katinsa na wata mazaɓa ne, bai yi zaɓe a nan ba.

Malama Lizzy tana ɗaga takarda ɗaya bayan ɗaya, jama'a na amsawa. Tulu. Tulu. Ta babbar jam'iyya. Tulu. Tarin yana raguwa, gumi yana karyo wa Damaris. Ta fara addu'a a zuci: Ya Ubangiji, ko mutum ɗaya. Ko bisa kuskure.

Takarda ta ƙarshe ma tulu ce.

"Fitilar ƙwai," in ji Malama Lizzy, "babu ko ɗaya."

Wani ya ƙyalƙyale da dariya daga baya, wasu suka kama. Damaris ta juyo ta dubi Benson. Kafin ta riƙo hannunsa ya yi tsalle ya isa gaban tebur.

"Ƙarya ne! Maguɗi ne! Babu ko ɗaya? Ga Damaris nan, ni ta zaɓa! Ina ƙuri'arta ta tafi? Dama, faɗa musu!"

Wurin ya yi tsit. Duk ido ya dawo kanta: matan cocinsu, masu kawo mata ɗinki, 'yan keke, har Mama Juliana da ke zaune a kujerar roba ƙarƙashin dalbejiya. Damaris ta ji da ma ƙasa ta tsage ta shige. Ta sunkuyar da kai.

"Kun gani ko?" Derrick ya daka tsawa. "Kuka ma take yi! Sun sace!"

Abin da ya biyo baya, kamar a mafarki ta gan shi. Samari suka yi kan tebur, aka ture shi, aka hankaɗe Malama Lizzy ta faɗi, tabaranta ya fashe a ƙarƙashin ƙafar wani. Matar tana rantsuwa tana kuka tana rungume da takardu, har 'yan sanda suka iso aka watse. Damaris ta tafi gida a guje, yatsanta mai tawada a dunƙule cikin tafin hannu kamar ta sato shi.

Washegari Mama Juliana aka ce ta lashe mazaɓar gaba ɗaya, da tazara mai yawa. Amma bidiyon rigimar rumfar da wani ya ɗauka ne ya fi yawo a wayoyi. Wasu na cewa an zalunci yaro, wasu na zagin Malama Lizzy da sunanta, har aka ce ta daina fita. Baba Ishaya ya tsaya a harabar coci bayan sujada ya ce a gaban dattawa:

"Yaron da ya ja sunan 'yata cikin rigima ba zai ƙara taka ƙofata ba."

Damaris tana jin sa, ta wuce gida. Abinci ya daina shiga. Ta ɗinka wa wata mata hannun riga a juye. Duk wanda ya ce mata, "Sannu, an cuce ku," sai ta ji kamar an watsa mata barkono.

Sai ga saƙon Benson:

"Dama tawa, na ga lauya. Ya ce in kin yarda kin rantse a kotun zaɓe cewa ni kika zaɓa, za a bincike matar nan. Ba don kujera ba, na san na faɗi. Don ƙuri'arki ce. Ba zan bari a wulaƙanta abin da kika ba ni ba."

Ta karanta ta sake karantawa. Ta rufe shago da rana tsaka, ta hau keken haya zuwa hanyar Sabon Tasha. Ta same shi shi kaɗai yana kwance wata batir. Da ya gan ta fuskarsa ta washe, abin da ya ƙara karya mata zuciya.

"Ben, ba zan rantse ba."

"Kada ki ji tsoro, ina tare da ke."

"Ba tsoro ba ne." Ta riƙe bakin ƙofa. "Babu wanda ya saci komai. Ban zaɓe ka ba. Mama Juliana na zaɓa."

Ya ajiye sifanar hannunsa a hankali. Ya daɗe yana kallonta kamar bai san ta ba.

"Sake faɗa."

"Na zaci wasu za su zaɓe ka, ba za a gane ba."

"Kika tsaya kina kallona ina ihu kamar mahaukaci? Kika bari aka ture matar mutane?" Muryarsa ta dushe. "Don Tony ne ko? Surukarki kika zaɓa. Ai da kin faɗa mini, da na taya ki murna."

"Wallahi ba haka ba ne, Ben."

"Jeki, Damaris."

Tun da suka saba bai taɓa kiran cikakken sunanta a tsakaninsu ba. Ta juya ta fita.

Daga ranar wayarta ta yi shiru. Ta rubuta masa: "Ka yi haƙuri. Ban cancanci ka amsa ba, amma ka sani ba don kowa na yi ba." Ya karanta, bai amsa ba. Maganar kotu dai ta mutu. Yaran unguwa suka laƙaba masa Honorabul Sifili, in ya wuce a babur su bi shi da waƙa.

Tony ya ga hanya ta buɗe. Ya zo ranar Asabar ya zauna da Baba a tsakar gida, ya ce yana so ya turo manyansa. Da ya tafi Baba ya kira ta, fuskarsa cike da fara'a.

"To, 'yata, Allah ya raba ki da wancan maƙaryacin, ya kawo miki ɗan mutunci."

Ta durƙusa a gabansa.

"Baba, ba shi ne maƙaryaci ba. Ni ce."

Ta faɗa masa komai, tun daga alkawarin ƙofar shago har sunkuyar da kan da ta yi. Baba Ishaya ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Wato yaron nan da gaskiyarsa ya yi ihu. Maganarki ya riƙe."

"I, Baba."

"Ni kuma na tsaya a gaban dattawa na yanke masa hukunci." Ya goge fuska da tafin hannu. "Kin ba ni kunya, Damaris. Ba don wanda kika zaɓa ba, wannan tsakaninki da Allah ne. Don shirun da kika yi. Amma ture teburin fa? Shi ma ke kika ture?"

"A'a, Baba."

"To wannan nasa ne. Ki tashi ki nemi malamar nan tun kafin ki nemi kowa. Maganar Tony kuma?"

"Ba na son sa, Baba. Ko Ben bai dawo ba."

Tsohon ya mayar da hularsa.

Da ƙyar ta samu gidan Malama Lizzy, can bayan kasuwa. Matar ta fito da sabon tabarau, ta saurare ta a tsaye, hannu a ƙirji. Damaris tana magana tana hawaye.

"Kalma ɗaya ce kawai za ki faɗa a ranar," in ji Malama Lizzy. "'Ya'yana sun ga ana zagina a waya. Kin san yadda wannan yake?"

"Ban sani ba, Anti. Ki yafe mini."

Matar ta yi ajiyar zuciya ta jawo mata kujera.

"Zauna. Naki saurayin ya riga ki. Tun makon jiya ya zo, ya durƙusa a nan inda kike, shi ya kai ni aka yanka mini tabarau. Na tambaye shi yadda ya gane ba ni da laifi, ya ce ya gane kawai. Ko sunanki bai kama ba. Na ce masa a bainar jama'a ya zarge ni, a bainar jama'a zai wanke ni. Ya ce yana tara ƙarfin hali."

Ƙarfin halin ya zo bayan kwana kaɗan. Damaris tana guga a shago wata mai kawo ɗinki ta miƙo mata waya: "Kin ga mutuminki?"

Bidiyo ne: Benson a ƙofar shagonsa, cikin rigar aiki, ya rame.

"Jama'ar mazaɓarmu, ni ne Benson Ayuba, wanda kuke kira Honorabul Sifili. Na amsa sunan. Babu wanda ya yi mini maguɗi. Malama Lizzy ta ƙirga daidai, ni na yi mata ƙazafi, ni na jawo aka ture ta. Duk mai zaginta ya dawo kaina. Sannan akwai wadda na kira sunanta a gaban mutane na ce ta faɗi wanda ta zaɓa. Ba ni da wannan ikon. Ƙuri'a sirrin mai ita ce, ko da matarka ce. Mama Juliana, Allah ya taya ki riƙo. Na gode."

Damaris ta zauna a kan tarin yadi, ta rufe fuska da ɗankwali. Sai da warin ƙuna ya tashi ta tuna da dutsen guga.

Da yamma saƙo ya shigo, na farko tun ranar:

"Soket ɗin nan yana nan lafiya?"

Ta rubuta ta goge, ta rubuta ta goge. Daga ƙarshe ta tura: "Yana buƙatar a duba shi."

Ya zo washegari ba da jakar aiki ba. Suka zauna a benci, kowa a ƙarshensa, kowa na kallon ƙasa.

"Na ji kin ƙi Tony," ya ce.

"Tun da farko ma ba a yi da ni ba."

"To me ya sa, Dama? Shi kaɗai nake so in ji."

Ta murɗa bakin zanenta.

"Na tambaye ka me za ka yi, ba ka sani ba. Ita kuma ta sani. Wannan shi ne rabin gaskiyar. Ɗaya rabin, tsoro nake ji ka ci. Na ga yadda kake sauyawa tun ba ka hau ba. Na ce in ka zama Honorabul na gaske, mai gyaran soket ɗina ya tafi ke nan. Har yau ban san wanne ya tura yatsana ba."

Ya yi wata 'yar dariya mai ɗaci.

"Kin san na je na ga kwalbatin? Na tsaya a kai ina jin kunya. Na manna fosta a jikinsa ma, ban san shi ne ba."

"Da na faɗa maka tun farko."

"Da na yi fushi."

"Da ka huce."

"Da na huce," ya amsa. Ya matso kaɗan. "Abu ɗaya nake roƙo. Ki ƙi ni a fuskata sau dubu, zan ɗauka. Amma kada ki ƙara ce mini i alhali a'a ce a ranki."

"Na yi alkawari."

"To bari in gwada. Dama tawa, za ki aure ni?"

Ta ɗago ido jajur ta dube shi sosai, don ya ga babu komai a ɓoye.

"I, Ben. Har cikin raina."

Saura Baba. Benson ya zo da kawunsa ranar Lahadi da yamma, ya durƙusa tun daga bakin ƙofa. Baba Ishaya ya bar shi a durƙushe ya ɗan jima.

"Kai ne mai ture tebur?"

"Ni ne, Baba. Na yi kuskure."

"In 'yata ta ɓata maka rai, tukunya za ka ture?"

"A'a, Baba. Na ga abin da zafin kai ya jawo mini."

"Siyasar fa?"

"Sai na koyi unguwar tukuna. Mama Juliana ta ce in zo in sa wa asibiti sola, daga nan zan fara."

Tsohon ya dubi kawun, ya dubi labulen ɗakin da ya san 'yarsa na bayansa.

"Ni ma na yi maka saurin hukunci a gaban dattawa, kuma a gabansu zan janye. Mutumin da ya iya fitowa ya ce ni ne mai laifi, duniya na masa dariya, ya iya riƙe gida. Tashi ka zauna a kujera. Damaris, kawo wa baƙi kunu."

Ta fito da jug da sauri, har ta zuba wa kawun a kan takalmi.

Bayan Kirsimeti aka ɗaura auren. Rigar amarya ita ta ɗinka abarta, ta ɗinka wa ango tasa babbar riga mai aikin zare ruwan ƙasa. Coci ya cika har waje. Zumuntar mata suka shigo da tukwanen kiɗansu da caki, suna rausaya cikin zane iri ɗaya, Mama Juliana a tsakiyarsu. Tony bai zo ba, amma ya aiko da saƙon fatan alheri ta bakin uwarsa. Malama Lizzy ta zauna a layin gaba da 'ya'yanta.

Da Fasto ya ce wa zai ba da wannan yarinya, Baba Ishaya ya miƙe a hankali. Ya kama hannun Damaris ya ɗora a na Benson, amma ya ƙi saki. Aka jira, aka jira.

"Ita kaɗai gare ni," ya ce, muryarsa ta karye. "Uwarta ba ta ga wannan rana ba. Ka riƙe mini ita."

"Zan riƙe, Baba."

"Ke kuma ki riƙe shi. Allah ya ba ku gida mai salama, ya ba ku 'ya'ya masu tsoronsa, ya tsufar da ku tare."

Coci ya ɗauka da "Amin", guɗa ta tashi daga ɓangaren mata. Sai a lokacin tsohon ya saki hannuwan, ya juya da sauri yana laluben hankici a aljihu. Benson ya ɗaga mayafin fuskarta a hankali. Damaris ta yi ƙoƙarin sunkuyar da kai, ya raɗa mata yadda ita kaɗai za ta ji:

"Ɗago, matata. Bari su gan ki."

Ta ɗago.